Tsohon Keke Mai Giya: Inda Ya Kamata a Sa Kuɗi da Inda Ya Kamata a Riƙe Hannu

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da janye tallafin man fetur, kekunan da suka shekara a jingine cikin zaure da bayan ɗaki suka riƙa fitowa kan titunan Zariya, an karkaɗe musu ƙura an buga musu iska. Da yawa daga cikinsu ba Rale ko Finis irin na iyayenmu ba ne, kekuna ne masu giya da faffaɗar taya waɗanda aka ƙera domin hawan tudu da ratsa daji, wasu sun iso mana a gwanjo bayan sun gama yi wa wani hidima a Turai, wasu kuma sababbi ne masu araha da aka saya saboda ƙyallinsu. Duk wanda ya tuƙa irin wannan keke daga Tudun Wada zuwa Samaru, tafiyar da ta haura kilomita goma, kaca tana kuka, birki yana jan ƙafa, giya tana tsalle, ba zai kwana biyu ba sai zuciya ta fara raya masa cewa maganin abin shi ne ya sayo sabon fok mai shakazoba, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da yake riƙe wilin gaba, ya sa birkin faifai, ya ƙara yawan giya.

Shawarata ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce ya fara raba abu biyu da mutane suke haɗawa, wato gyara da ƙari. Gyara shi ne mayar da keke yadda yake a ranar da ya fito daga masana'anta, kuma wannan kusan kullum kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Ƙari kuwa shi ne ƙoƙarin mayar da shi abin da ba a ƙera shi ya zama ba, kuma a kan keke mai araha da wuya a yi shi ba a yi da-na-sani ba. Akwai ƴan wurare kaɗan da ƙarin yake da amfani, zan zo kansu, amma kafin a ciro ko sisi daga aljihu akwai binciken da ba ya cin kuɗi, kuma shi ne yake yanke hukunci.

Firam ne alƙali

A wanke keken da ruwa da sabulu, a fito da shi rana, domin laka da baƙin mai suna ɓoye aibi. Sannan a bi duk mahaɗar ƙarafan firam, wato gangar jikin keken, da ido da yatsa: ƙarƙashin wuyan keke, kewayen gidan feda, bakin bututun da sandar sirdi take shiga, da wuraren da ake ɗaure wilin baya. Abin da ake nema shi ne tsaga, ko da siririya ce kamar gashi. Idan aka ga fenti ya tattare ko ya fashe a bayan wuya, alama ce ta cewa keken ya taɓa yin karo da gaba, ƙarfen ya lanƙwashe ko da ido bai gani ba. Domin a gane ko firam ya karkace, sai a ɗaura zare a maɗaurin wilin baya na dama, a zagayo da shi ta gaban wuya, a dawo da shi maɗaurin hagu a ja shi ya miƙe, sannan a auna tazarar da ke tsakanin zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. Idan tazarar biyu ta yi daidai ko ta kusa, firam yana tsaye. Idan bambancin ya fito fili, keken zai riƙa ja gefe ɗaya kuma zai riƙa cin taya ta ɓari guda har ƙarshen rayuwarsa.

Bayan haka a nemo mayen ƙarfe, ko da na cikin tsohuwar lasifika ne, a manna a jikin firam. Idan ya kama, ƙarfe ne; idan bai kama ba, galibi alminiyam ne. Wannan yana da muhimmanci a wajenmu saboda ƙarfe yana karɓar walda, kuma kowane ƙwararren mai walda a Sabon Gari zai iya ɗinke ƙaramar tsaga a wurin da ba na haɗari ba. Alminiyam kuwa yana bukatar na'urar walda ta musamman, kuma zafin waldar yana raunana shi a kewayen ɗinkin, saboda haka firam ɗin alminiyam da ya tsage a wuya ko a gidan feda ya gama aiki, bai cancanci a kashe masa komai ba. A kuma gwada sassauta sandar sirdi a ga ko tana hawa da sauka, domin a tsofaffin kekuna takan yi tsatsa ta manne, wani lokaci har sai an lalata firam kafin ta fita.

Sai batun girma, wanda mutane suka fi rainawa. Mutum ya tsaya da keken a tsakanin ƙafafunsa, ya ga ko akwai ƴar tazara tsakaninsa da sandar sama. Ya hau, ya ɗora diddige a kan feda lokacin da take can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba. Idan kafin a sami wannan tsayin sai an zaro sandar sirdi ta wuce layin da aka zana mata na iyaka, keken ya yi wa mai shi kaɗan, kuma babu wani kayan da za a saya su ƙara masa girma. Gara a bar wa ƙane a nemi wani.

Akwai wani nau'in keke da nake ganin bai kamata a ɓata masa lokaci ba, shi ne mai araha da aka sa wa ƙaton sifirin a tsakiya, firam ɗinsa ya rabu biyu da mahaɗa mai motsi. Yana da kyan gani, yara suna sonsa, amma nauyi gare shi kamar an ɗora masa buhu, sifirin ɗin yana shanye ƙarfin da ake tuƙi da shi, kuma da zarar mahaɗar ta fara lilo babu inda za a sami ƴar'uwarta. Irin wannan a gyara masa birki da taya kawai, a hau har ya gaji.

Akasin haka, tsohon keke na ƙarfe marar shakazoba ko kaɗan, irin waɗanda kamfanoni kamar Trek da Giant da Specialized suka yi a shekarun 1990, yakan zo a gwanjo fentinsa ya koɗe ba ya ɗaukar ido, alhali ya fi sabo mai ƙyalli inganci nesa ba kusa ba. Hanya mafi sauƙi ta gane matsayin keke ita ce karanta sunan da ke jikin macanjin giya na baya, wato ƙarfen nan mai ƙananan wili biyu da yake rataye a gefen wilin baya. A kayan kamfanin Shimano na Japan, Tourney ne na ƙasa, sai Altus, sai Acera, sai Alivio, sai Deore. Keken da ya zo da Alivio ko Deore tun asali, masu shi sun sa masa firam da wili da suka dace da wannan matsayi, saboda haka ya cancanci a yi masa hidima. Sai dai a lura, jabu ya cika kasuwa, har da masu sunan da aka sauya wa harafi ɗaya domin ya ruɗi mai gaggawa.

Abubuwan da za a fara da su

Birki ne farko, kuma wannan ba ya bukatar doguwar muhawara ga wanda ya taɓa ratsa Kwangila da yamma tsakanin manyan motoci da ƴan acaɓa. Yawancin waɗannan kekuna suna da birki mai dogayen hannuwa biyu da suke matse rim daga gefe da gefe. Robarsa takan bushe ta yi tauri da daɗewa ko da ba ta cinye ba, kuma sabuwar roba da sabuwar waya tare da rigarta suna daga cikin abubuwa mafi araha a jikin keke. A daidaita robar ta zauna a kan rim sosai, kada ta taɓa taya, domin idan tana gogar gefen taya za ta yanka ta cikin ƴan kwanaki. Idan birkin yana ƙara, a ɗan karkata robar yadda gabanta zai riga bayanta taɓa rim. A kuma shafa gefen rim ɗin da yatsa: idan ya yi kwari kamar cokali, yashi da laka sun cinye shi, wata rana zai iya fashewa a kan hanya. A nan ma mayen ƙarfe yana da amfani, saboda rim na ƙarfe mai ƙyalli ba ya kama birki idan ya jiƙe, kuma wanda zai hau keke a cikin ruwan Agusta ya san abin da wannan yake nufi. Sauya wilin gaba zuwa mai rim ɗin alminiyam yana cikin ƙarin da nake goyon baya, tunda birkin gaba ne yake ɗauke da mafi yawan aikin tsayar da keke.

Taya ce ta biyu, kuma ita ce wurin da ƙaramin kuɗi yake sauya tafiyar keke fiye da ko'ina. Tayar da keken ya zo da ita mai manyan ƙusoshi an yi ta ne domin taɓo da tsakuwa. A kan kwalta sai gurnani da jan ƙarfi. Wanda hanyarsa daga Gyallesu zuwa Kongo ce, ko daga Hanwa zuwa Samaru, taya mai santsin tsakiya da faɗin inci 1.5 zuwa 1.75 za ta sa ya ji kamar an cire masa kaya daga kariya. Wanda kuwa yake shiga hanyar burji ta ƙauyukan bayan Shika ko ya nufi gindin Dutsen Kufena, ya tsaya a kan mai faɗin 1.95 ko 2.1, saboda siririyar taya nutsewa take yi a yashi. Wajen saye akwai tarko: ba duk tayar da aka rubuta wa 26 ba ce take shiga rim ɗin keke mai giya. Wadda aka rubuta wa 26 x 1.95 da wadda aka rubuta wa 26 x 1 3/8 ba girmansu ɗaya ba. Abin dogaro shi ne lambar da ake rubutawa a gefen taya kamar haka, 50-559, inda 559 take nuna faɗin da'irar rim da milimita. Idan tsohuwar tayar 559 ce, sabuwar ma dole ta zama 559.

Kafin a ɗora wa taya laifin yawan faci, a duba inda tub yake hujewa. Idan hujin yana ta cikin da yake kallon rim, kan sifok ne yake sokarsa, maganinsa kuwa sabon ƙyallen rim. Idan huji biyu ne a jere kamar saran maciji, iska ce ta yi kaɗan har rim ya matse tub lokacin da aka faɗa rami, kuma adadin iskar da ta dace yana rubuce a gefen tayar. Idan kuwa hujin ta waje yake, to a shafa cikin tayar a hankali, sau da yawa za a taras da ƙayar tsidau ta karye a ciki tana jiran sabon tub. Mallakar famfo da kayan faci a gida ya fi kowane ado amfani.

Na uku shi ne boris, kuma a nan ne na fi ganin darajar tsofaffin masu gyara. Akwai wani dattijo da yake aiki a gindin darbejiya a unguwarmu, wanda na kai wa kekena ina ƙorafin ya yi nauyi ina son a sauya masa giya. Bai ce komai ba, ya kifa keken a kan sirdi, ya juya wilin baya, ya ɗora yatsa a kan firam yana sauraro kamar mai jin bugun zuciya. Sai ya kwance sandar tsakiyar wilin, ya zazzage boris ɗin a cikin gwangwanin madara mai kananzir, ya tsamo ɗaya ya miƙo mini. Ba ya ko da zagaye, ya zama kamar tsakuwa, giris ɗin da ke kansa ya koma jar ƙasa. Ya ce, "Malam, giyarka lafiya take, ƙurar hunturu uku ce a cikin nan." Na ce, "Baba, to nawa za a saya?" Ya ce tara-tara a baya, goma-goma a gaba. Haka abin yake a yawancin kekuna: wilin baya yana ɗaukar boris tara masu girman kwatan inci a kowane gefe, na gaba kuma goma masu girman 3/16 na inci. Ya duba kon ɗin da boris suke gudu a kai, ya sauya ɗaya da ya yi ƴan ramuka, ya cika da sabon giris, ya ɗaure daidai yadda wilin zai juya sakayau ba tare da lilo ba. Keken da na hau na dawo gida kamar ba shi ba.

Kowa zai iya yin wannan gwajin da kansa. A kama wili a girgiza shi gefe da gefe. A matse birkin gaba a tura keken gaba da baya a ji ko wuya yana ƙwanƙwasa. A kama hannun feda a ja shi waje a tura ciki. Duk inda aka ji lilo, boris ne ko ɗauri. Gidan feda shi ne ya fi shan ruwa da damina, kuma idan ya lalace, sauya shi da rufaffen nan da yake zuwa a dunƙule, wanda ƙura ba ta shiga, ƙari ne mai amfani. Sai dai a tafi kasuwa da tsohon a hannu, domin faɗin gidan yakan zama milimita 68 ko 73, tsayin sandar ma ya bambanta. Mai son kwancewa da kansa ya sani cewa murfin gidan feda na dama da kuma fedar hagu suna da zaren hagu, ana kwance su ne ta inda ake ɗaure sauran notuna. Mutane da yawa sun cinye zaren kekensu saboda rashin sanin wannan, aka yi gyaran gangar Auzinawa.

Kaca da giya

Kaca ba ta nuna tsufanta da ido, sai an auna. Tazarar da ke tsakanin kowane fil biyu na sabuwar kaca rabin inci ce cif, saboda haka idan aka ɗora tef ɗin tela ko rula a tsakiyar fil ɗaya, alamar inci 12 za ta faɗa daidai tsakiyar wani fil. Idan fil ɗin ya zarce alamar da 1/16 na inci, wato kimanin milimita ɗaya da rabi, lokacin sauya kaca ya yi, kuma ita kaɗai za ta isa. Idan ya zarce da 1/8, an makara, tsohuwar kacar ta riga ta cinye haƙoran firiwil, wato jerin haƙoran da ke jikin wilin baya, sabuwa za ta riƙa tsalle a kansu da zarar an taka da ƙarfi, don haka sai a sauya su tare. Abin farin ciki shi ne kaca iri ɗaya ce take yi wa kekuna masu haƙora jeri 6 da 7 da 8 a baya, ita ce mafi araha kuma mafi samuwa a kasuwa, kuma wannan kaɗai dalili ne na kada mai ƙaramin ƙarfi ya yi sha'awar giya mai jeri 10 ko 11, wadda kacarta siririya ce, mai tsada, mai saurin ci.

Al'adar nan ta malala wa kaca baƙin man inji har yana ɗiga ita ce take kashe ta da wuri. A lokacin hunturu ƙura tana mannewa a man ta zama kamar garin wasa wuƙa, tana cin fil daga ciki. A wanke kaca da kananzir da tsohon buroshi, a bari ta bushe, a ɗiga mai mai tsabta digo-digo a kan kowane fil, sannan a goge wajenta da tsumma har ta kusa bushewa, domin a ciki ake bukatar man, ba a waje ba.

Giyar da ba ta shiga daidai, da wuya laifin macanjin ne. Mafi yawan lokuta waya ce ta yi tsatsa a cikin rigarta, ko kuma ƙarfen da macanjin yake rataye a jiki ya lanƙwashe saboda keken ya faɗi ta dama. A tsuguna a bayan keke a duba: ƙananan wili biyun nan su kasance a tsaye sak a ƙarƙashin haƙoran da kaca take kai. Akwai kuma ƙananan sukurori biyu masu alamar H da L da suke tsare iyakar tafiyar macanjin. Idan na L ya saki, macanjin zai iya faɗawa cikin sifok ya karya su ya karya kansa. Idan macanjin ya mutu sarai, Tourney na asali zai yi aikin. Wanda ko wannan ya fi ƙarfinsa, ya tuna cewa Zariya ba garin hawa da gangara ba ne sosai: zai iya zaɓar giya ɗaya ta tsakiya, a kulle tsohon macanjin a kanta da waɗannan sukurori ya zama abin jan kaca kawai, a cire wayoyin, ya ci gaba da harkarsa.

Inda kuɗi yake nutsewa

Ni kaina na taɓa faɗawa tarkon fok. Na ga wani na gwanjo mai shakazoba a wajen wani mai sayar da kayan keke, na danna shi ya lotsa ya dawo da taushi, mai kayan ya rantse zai shiga kowane keke, na biya kuɗin da ya kusa rabin abin da na sayi keken. Da muka kwance nawa sai ga shi sandar wuyansa mai faɗin inci ɗaya ce mai zare, sabon kuwa inci 1 1/8 ne marar zare, ko kusa ba zai shiga ba, mai kayan kuma ya ce ciniki ya faɗa. Ko da ma ya shiga, da sai na sayi sabon boris ɗin wuya da sabon maɗaurin kan keke, sannan da tsayinsa ya ɗaga gaban keken ya sauya yadda yake juyawa. Manyan fok na zamani ma sandarsu tana faɗi daga ƙasa har inci ɗaya da rabi, ba sa shiga tsohon firam sam. Fok mai shakazoba mai araha kuwa sifirin ne kawai a cikin bututu, yana ƙara nauyi, yana shan ruwa, bayan damina ɗaya ko biyu ya ƙage ko ya fara lilo. Wanda nasa ya mutu, fok na ƙarfe marar shakazoba mai kusan tsayi ɗaya ya fi masa araha da sauƙi da ƙarko, kuma faffaɗar taya da ba a cika mata iska fiye da kima ba tana shanye yawancin girgizar hanya.

Birkin faifai ma haka ne. Yana bukatar kunnuwan ɗauri a jikin firam da fok, da cibiyar wili mai wurin ɗaura faifan, wato sababbin wili biyu ke nan idan na keken ba su da shi. Wasu sukan sa a yi musu waldar kunnen, abin da ba na ba kowa shawara, domin bututun bai da kaurin ɗaukar wannan ƙarfin. Birkin roba da aka daidaita da kyau a kan rim ɗin alminiyam ya fi birkin faifai mai araha kamawa. Ƙara yawan giya kuwa igiya ce mai jawo ƴan'uwanta: sabon maɓallin sauya giya, sabon macanji, sabuwar kaca, sababbin haƙora, kuma tunda yawancin kekuna masu araha firiwil mai murɗawa ne da su, sai an sauya wilin baya ɗungurungum kafin jeri 9 ya zauna. Kafin a gama an kashe kuɗin keke guda a kan firam ɗin da bai sauya ba, tsugune ba ta ƙare ba. Wili mai inci 27.5 ko 29 ba ya daidaita da birkin firam ɗin 26, wannan ba sai an tsaya a kansa ba.

Game da firiwil ɗin nan akwai abin lura ga masu ɗaukar kaya ko goyon yara zuwa makaranta. Yanayin ƙirarsa yana barin dogon ɓangare na sandar wili ta dama ba tare da madogara ba, shi ya sa take lanƙwashewa ko ta karye idan aka yi lodi aka faɗa rami. Idan wannan ya faru sau biyu, neman wilin baya na gwanjo mai kyau, mai sifok 36, ya fi sauya sanda a kai a kai.

Abin da ya rage na kuɗi, idan akwai, a sa shi a wuraren da jiki yake taɓa keke da kuma kayan amfanin yau da kullum: sirdin da ya dace da mazaunin mutum, ba lallai mafi laushi ba, fedar ƙarfe maimakon ta roba da take karyewa, madagadi saboda jar laka da take zana wa riga layi a baya, kariya, fitila gaba da baya, da kwaɗo mai ƙarfi. Kyan waɗannan kaya, har da famfo da taya mai kyau, shi ne ba sa mutuwa tare da keken, ana kwance su a mayar kan wanda za a saya nan gaba.

Yadda za a yi lissafin

A ɗauki takarda a rubuta duk abin da binciken ya nuna yana bukatar sauyi, a shiga kasuwar Sabon Gari a tambayi farashin kowanne a shago biyu ko uku, a haɗa da kuɗin aiki. A wannan ranar dai, a tambayi farashin keken gwanjo mai lafiya wanda ya fi naka matsayi, a kuma tambayi nawa za a sayi naka yadda yake. Ma'aunin da nake bi shi ne: idan firam lafiyayye ne, ya yi wa mai shi daidai, kuma kuɗin gyaran bai wuce kashi ɗaya cikin uku na farashin wancan keken ba, a gyara ba tare da shakka ba. Idan ya haura rabi, musamman idan wili biyu da kaca da haƙora duk sun tafi a lokaci ɗaya, a yi birki da faci kawai domin a ci gaba da zirga-zirga, a riƙa tara kuɗin motar da keken yake ragewa, a sayar da shi a cika a sayi wancan. A kayan da ba a ƙirga a wannan lissafi akwai waɗanda za su bi mutum zuwa sabon keke, tunda ba asara ba ne ko ta wace hanya aka bi.

Idan an yanke shawarar gyarawa, ba dole a yi komai a wata ɗaya ba. Birki da tub a watan farko, boris da giris da wayoyi a na biyu, kaca da firiwil a na uku, taya idan hali ya samu, kuma ya fi kyau a yi babban garambawul ɗin a ƙarshen damina, wajen Oktoba, lokacin da ruwa ya gama ɓarnarsa. A riƙa zuwa kasuwa da tsohon kayan a leda domin a gwada shi da sabon a gaban mai shago, a yi sharaɗin dawowa da shi idan bai shiga ba kafin a miƙa kuɗi, a zauna a wajen mai gyara lokacin da yake aiki, a karɓi tsofaffin kayan da ya cire. Bayan mako guda ana hawa a koma wajensa, saboda sabuwar waya tana saki, sifok ɗin da aka ja suna zama, kuma notin hannun feda na hagu yakan so a ƙara masa ɗauri kafin ramin da yake zaune a kai ya fara faɗaɗa.